Idon Maistor Ragib

A garinmu idan za a yabi mutum da iya aiki, ba a cewa yana da hannu, cewa ake yana da ido. Daga masana'antar magagari muka gaji wannan magana, wadda ke bakin kogi, inda rabin mazan gari suka ci abinci har yaƙi ya zo ya rufe ta. Idan kuwa aka ce ido aka yi shiru ba a ƙara suna ba, to Ragib Karalić ake nufi.

Ni sunana Fikreta, a ɗakin gwaji na masana'antar na yi aikina. Ni ba injiniya ba ce. A kawo mini guntun ƙarfe, in goge fuskarsa da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har sai na ga hancina a ciki, in ɗiga masa asid, in sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in faɗi abin da na gani. Mu uku aka ɗauka. Ɗaya ta yi aure ta bi miji Jamus, ɗaya ta ce warin asid yana sa ta ciwon kai. Ni na zauna, don ƙarfe ba ya gulma kuma ba ya ƙarya, abin da ba zan rantse a kansa ba game da mutanen ofis.

Abu ɗaya nake nema a madubin nan. Ƙarfe zalla laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi, sai an sa masa ɗan gawayi tun yana narke. Gawayin nan ba ya zama shi kaɗai a ciki, kama ƙarfen yake yi su haɗu su zama wani abu na uku, fari fat a madubi, wanda muke kira sementit. Tauri gare shi har yana zana gilashi, ga gautsi kamar gilashin. Shi ke sa magagari ya ci ɗan'uwansa ƙarfe, shi ke sa wuƙa ta daɗe ba ta dakushe ba. Amma maganar ba ta yawansa ba ce kawai, ta yadda ya zauna ce. Idan ya warwatsu ɗigo-ɗigo kamar riɗi a kan burodi, ƙarfen ya yi. Idan kuwa an ba ƙarfen wuta fiye da kima, sannan aka bar shi ya huce a hankali, sai sementit ya narke a ciki ya sake fitowa a gefen ƙwayoyin ƙarfen, ya zagaye kowace ƙwaya, ya zama farar raga. Irin wannan ƙarfe ba ka ganin aibunsa da ido. Yana ɗaukar wasi, yana aske gashin hannu. Ranar da ya gamu da ƙashi sai ya bi ragar nan ya tsage.

Tsakanin riɗi da raga babu wani nisa, ɗan bambancin launi ne a bakin tanderu. Gane wannan launi shi ne aikin Ragib.

A wani ƙauye a kan dutse aka haife shi, gidan masu ƙona gawayi. Ya sauko gari yana saurayi sanye da takalmin yayansa, aka ba shi tsintsiya a sashen wuta. Tagogin sashen duk a shafe suke da baƙin fenti, don hasken rana yana ruɗin ido: ƙarfen da yake ja a duhu, baƙi ne a tsakar rana. A wannan duhu ya koyi karatunsa. Ƙarfe yakan fara da ja mai duhu kamar hanta, ya koma jan ceri, ɗan itacen nan mai ja jawur, ya wuce zuwa ruwan lemo, daga nan sai rawaya. Ƙarfen magagari jan ceri yake so, kuma ba kowane ceri ba. In ya leƙa ruwan lemo an yi ɓarna.

Akwai wata al'ada a sashen. Duk sabon shiga ana ba shi maganaɗisu ɗaure a bakin waya, domin ƙarfe idan ya kai zafin da ake so, maganaɗisu yakan daina kama shi. Mai koyo ya ciro ƙarfe ya taɓa, in ya manne ya mayar wuta, in ya saki ya san an kai. Ranar da manya suka yarda da idon mutum, sai 'yan sashe su raka shi kan gada bayan an tashi aiki, ya jefa maganaɗisunsa a kogi, ya saya wa kowa burek, gasasshen fulawa mai nama a ciki. Daga ranar ake ce masa maistor, wato gwanin sana'a. Akwai waɗanda suka yi furfura da wayarsu a aljihu. Ragib kuwa gemunsa bai gama fitowa ba ya jefa nasa, kuma bai bar kowa ya manta ba. Sandar makaho yake ce wa maganaɗisu. In ya ga wani ya zaro nasa sai ya ce, "A ba shi hanya, jama'a, kada ya faɗa rami."

Daga baya masana'anta ta sayi ma'aunin zafi. Injiniyoyi ba su yi musu da Ragib ba, shi ma bai yi da su ba, don na'urar da idonsa abu ɗaya suke faɗa, sai dai shi ya fi ta surutu. Ya auri Munevera, mai murza ɓawon pita, abincinmu na fulawa da ake gasawa, a kantin abincin ma'aikata, suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka gina gida a unguwarmu, shinge ɗaya tsakaninmu. Abokinsa na kusa shi ne Stipo, Kirista, wanda ke tsoma ƙarfe a mai idan Ragib ya ciro. Sun yi shekaru kafaɗa da kafaɗa ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har da lokacin da za a yi ruwa.

Abin da ya sa sunansa ya fita daga masana'anta ya shiga gari shi ne wuƙar layya. A bayan gidansa yana da 'yar maƙera, ita ma tagarta a shafe. Idan Bayram ɗin layya ya matso, mutane su kawo masa tsofaffin magagarai da haƙoransu suka cinye. Ya buge su su zama wuƙa, ya bari su sha iska. Ya sake gasawa zuwa jan ceri, ya binne a toka su huce sannu a hankali har gari ya waye, don su yi laushin da za a gyara musu baki. Ya sake kai su jan ceri ya tsoma a mai. Ƙarshe ya saka su a tandar girkin Munevera don a rage musu gautsi, ita kuma ta yi sati tana mita cewa pitarta tana warin gareji. Ba ya sayarwa. Kyauta yake bayarwa, amma sai ka saurari wa'azinsa a kan yadda za ka riƙe ta, kuma da yawa sun ce da ya karɓi kuɗi da ya fi musu sauƙi. Zaim mahauci, wanda ke yi wa unguwarmu yanka, ba ya ɗora wata wuƙa a wuyan dabbar layya sai ta Ragib.

Kowace shekara yakan gutsuro wutsiyar wuƙa ɗaya, wajen da ke shiga ƙota, ya kawo mini.

"Fikreta hanuma," haka ake girmama mace a garinmu, "ga shi. Goge ki duba, ki ga yadda maza ke aiki."

"Maistor, in ka san amsar me ya kawo ka?"

"Gahawarki. Ba ta da daɗi, amma kyauta ce."

Sai in goge, in duba, in ce riɗi ne. Ya ce da ma ya sani. Sau da yawa na ce ya sa ido a madubin ya ga abin da yake ƙerawa, ya ce wannan na masu raunin gani ne, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka ya yi ta sarrafa abin da bai taɓa gani ba tsawon rayuwarsa, kuma ban ga ya rage shi da komai ba.

Yaƙi ya zo ya wuce. Masana'anta ba ta sake buɗewa ba, aka sayar da injunan a matsayin tsohon ƙarfe. 'Ya'yan Ragib suka tafi Suwidin ba su dawo ba sai hutu. Madubina aka kai shi makarantar koyon sana'a, aka haɗa da ni, kamar yadda ake sayar da keke da famfonsa. Gada tana nan, amma ba wanda ya sake jefa komai daga kanta sai kwalba. Abin da ya rage wa Ragib daga duk wancan zamani shi ne maƙerarsa da sunan idonsa, kuma a kansu yake tsaye.

Wata shekara da Bayram ya faɗo cikin sanyi, ya kawo guntunsa kamar kullum. Na goge, na ɗiga asid, na duba. Na ɗago na sake gogewa tun daga sanfefa mai kaushi, don na fi son laifin ya zama nawa. Na sake dubawa. Ƙwayoyin sun yi manya-manya, kowace da farin zare zagaye da ita.

Yana tsaye bakin taga yana hura gahawa. A lokacin na lura da abin da ya kamata kowa ya lura da shi: baƙin idonsa ya yi hazo-hazo, kuma sai da ya lalubi gefen tebur kafin ya ajiye kofin. Wutar da ya yi shekaru yana kallo ta fara karɓar ladanta. Idon da yana ta rufe, duhu-duhu yake ganin komai. Ƙarfe ya kai jan ceri, shi yana ganin hanta, sai ya ƙara wuta. Lokacin da ya ga cerinsa, ƙarfen ya daɗe da shiga ruwan lemo.

Na ce, "Maistor, raga ce."

"Madubinki ya yi datti."

"Na goge shi."

"To hannunki ya tsufa."

"Hannuna ya tsufa, gaskiya ne. Amma ba hannuna ya gasa ƙarfen nan ba. Kana wuce wuri, maistor. Idonka ne. Ka je asibiti, kuma kada ka ba Zaim wuƙar bana."

Ni ban iya zagaye-zagaye ba, mijina ma Allah ya jiƙansa da wannan ƙorafi ya tafi. Ragib ya shanye gahawarsa har ƙasa, ya ce tun ina wasa da 'yartsana yake kallon wuta, ya gyara hularsa ya fita.

Da yamma na ɓalle maganaɗisun da ke bayan lasifikar tsohuwar rediyona, na ɗaura masa waya, na zagaya maƙerarsa. Stipo yana nan zaune a kan kututture yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Na ajiye abin a kan uwar maƙera.

Ragib ya shafa ya ji ko mene ne. Ya ce, "Ni kika kawo wa sandar makaho?"

"Aro na ba ka. In idon ya warke ka dawo mini da shi."

Stipo ya ce, "Karɓi mana, tsoho. Jiya fa akuyar Zaim ka yi wa sallama."

"Ta fi ka hankali, shi ya sa."

Ya buɗe ƙofa ya wurga maganaɗisun iya ƙarfinsa. Ya faɗa can cikin ciyawar da ke gindin shinge. Ya ce na farko kogi ya ci, wannan kuma ƙasa ta ci, in na kawo na uku ni zai jefa. Na je na gaya wa Zaim abin da na gani. Zaim ya zaro wuƙar, ya aske gashin hannunsa a gabana, ya ce, "Hanuma, ke ki riƙe madubinki, ni in riƙe wuƙata." Na ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho, na koma gida.

Gida bakwai muka haɗa muka sayi sa, har da nawa da na Ragib. A filin bayan gidansa aka yi yankan, bayan an sauko daga masallaci, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Stipo ya zo riƙe igiya kamar kowace shekara, don ya ce Musulmin unguwar nan ba su iya ƙulli ba. Aka kayar da san, aka yi kabbara, Zaim ya ɗora wuƙa ya ja. San ya fizge kai, bakin wuƙar ya karkace ya daki ƙashi. Ƙarar ba ta fi ta karyewar busasshen reshe ba. Zaim ya ɗago hannu da ƙota da rabin wuƙa.

Yanka bai kai ba. San ya yunƙura da rabin wuya a buɗe, ya ja maza huɗu a ƙasa, yana wani irin gurnani da har yau ban so in tuna. Zaim yana cewa a ba shi wuƙa, kowace iri. Ba wanda ya zo da wata, don ba a taɓa bukata ba. Munevera ce ta ruga ɗakin girki ta fito da wata mai jan mariƙin roba, irin ta kanti, wadda 'yarta ta kawo mata daga Suwidin, ita kuma ta ɓoye a ƙasan aljihun tebur. Da ita aka ƙarasa.

Liman ya ce layya ta yi. Ba wanda ya ce wa Ragib komai, kuma da an zage shi da ya fi masa. Zaim ya tsinto ɗaya rabin daga cikin jini, ya goge a wandonsa, ya haɗa biyun ya miƙa masa. Daga inda nake tsaye ina hango bakin karayar yana ƙyalli, tsakuwa-tsakuwa kamar sukari. Ƙarfe mai kyau idan ya karye toka-toka yake, sumul. Ragib ya kai shi kusa da fuska, bai ga komai ba, sai ya bi bakin da babban yatsa. Yatsan ya gaya masa. Ya shige gida, kuma rabonsa na nama Munevera ta raba wa maƙwabta duka, don ya ce ba zai shiga tukunyarsa ba. Na ji tausayinsa ranar, kuma na ji haushinsa, don dabbar ba ta yi masa komai ba.

Bayan Bayram ya yarda aka kai shi asibitin babban birni. Aka cire yanar, amma likita ya ce bayan idon ya riga ya gaji, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya dawo yana ganin haske da inuwa da siffar mutum, launi kuwa duk ya dagule masa. Waɗanda ya ba wuƙa a shekarun baya-bayan nan suka sa su a aljihun tebur. Aka daina kawo tsohon magagari. A gidan gahawa, in an ce ido, sai wani ya yi tari a canza magana. Ya kulle maƙera ya zauna a ɗaki gaban rediyo har sanyi ya wuce. Munevera ta ce mini ko faɗa ya daina yi da ita, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan.

Da itatuwa suka fara fure, wata safiya ina shanya na ga hayaƙi yana fita daga bututun maƙerar. Stipo ma ya gani daga nasa gidan, ya taho da saurinsa na tsofaffi, ya tura ƙofa ya ji ta a sakace ta ciki.

"Ragib, buɗe. Wa zai tsoma maka a mai?"

"Wanda ya tsoma maka kai a ruwa ranar suna. Tafi gida."

"Za ka ƙona gidan mutane, makaho."

"In na ƙona ka zo ka sha ɗumi, ka huta da sayen itace."

Tun suna samari ba a taɓa rufe wa Stipo wannan ƙofa ba. Ya zauna a kan kututture a waje yana jin ƙarar guduma, har azahar, sannan ya tafi. Haka aka yi ta yi duk bazara. Hayaƙi, guduma, ƙofa a rufe. Munevera ta ce yana fitowa da guntaye a aljihu, ya zauna a bakin gado yana karya su da filaya yana shafa bakin da yatsa, wasu ma har da harshe.

Ana saura kwanaki Bayram, sai ga shi a ɗakin gwajin makaranta, ya shigo yana bin bango da hannu. Bai yi zancen maza da aikinsu ba. Ya ajiye guntun a kan tebur ya tsaya, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Na goge a hankali fiye da yadda na saba, don ni ma ina tsoron abin da zan gani, kuma na san in raga ce zan faɗa.

Ɗigo-ɗigo ne, ƙanana, a warwatse daidai ko'ina, kamar na shekarun da yake ganiyarsa.

Na ce, "Riɗi ne, maistor."

Ya mayar da hularsa ya ce, "Da ma na sani. Ina gahawar, ko ita ma an sayar da ita da injuna?"

Zaim bai karɓi wuƙar da daɗin rai ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a kan katako, ya ce, "Maistor, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Zan ɗora ta, don girmanka da kuma maganar Fikreta hanuma. Amma ga wata nan a ƙuguna."

"Riƙe ta, ka yanka albasa."

Ranar yanka mutanen da suka taru a filin sun fi na kullum, kuma ba nama ya kawo su ba. Ragib ya tsaya a gefe, hannuwansa a baya, fuskarsa tana kallon wajen da yake jin numfashin san. Stipo ya ɗaure igiya ya ƙara ƙulli ɗaya. Aka yi kabbara, Zaim ya ja sau ɗaya, aka gama. Ya ɗaga wuƙar ya duba bakinta a rana, ko tsagi babu. Ya goge ta ya sa a kube, ya ce wa masu fiɗa su matso. Ragib ya tambayi Stipo ko an gama, Stipo ya ce an gama, sai ya ce to me ake jira, a kai wa Munevera hanta.

Daga nan magagarai suka dawo. Ya ƙara shekaru yana ƙira, kullum ƙofa a sakace, kullum yana kawo mini guntu, kullum riɗi. A kasuwa kuwa sai ya kama hannuna ya kira ni Munevera, ya tambaye ni me za a dafa. Mutane suka ce ikon Allah, idon maistor ya daina ganin duniya amma bai daina ganin wuta ba. Har wani ɗan jarida ya zo daga birni ya ɗauki hotonsa. Shi kuwa ko a jikinsa, in an tambaye shi sai ya ce ido ido ne, wanda ba shi da shi ya nemi sanda. Na taɓa tambayar Munevera ko ita ke duba masa launi. Ta ce ita tun da aka gina maƙerar nan ba ta taɓa taka bakin ƙofarta ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Ina da nawa zaton, na bar shi a cikina, don ba a tambaye ni ba, kuma abin da aka kawo mini in duba ƙarfe ne.

Ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Maza suka tafi maƙabarta, Stipo yana biye da su a baya da hularsa a hannu. Mu mata muka zauna a gidan muna tevhid, ana zagayawa da dogon carbi ana zikiri, 'ya'yansa da suka iso daga Suwidin suna raba ruwan sukari. Da aka shafa aka fara watsewa, Munevera ta ja ni ɗakin girki ta rufe ƙofa. Ta ciro wani abu ƙunshe a hankici daga aljihun rigar fatar da yake aiki da ita, wadda ke rataye a bayan ƙofar.

"Ya ce in ba ki hannu da hannu, kada Stipo ya gani. Ya ce aro ne."

Na buɗe. Maganaɗisun rediyona ne. An canza masa waya, an naɗe mariƙin da tsumma, tsumman ya yi baƙi ya ɗauki siffar yatsu. Fuskarsa ɗaya ta ƙone, ɓawon ƙarfe ya manne mata cunkus kamar gemu.

Munevera ta ce, "Ya kuma ce in gaya miki a ciyawa ya tsince shi, kuma bai taɓa amfani da shi ba."

Na ce mata na ji, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan faɗa. Na mayar da shi cikin hankicin ban kakkaɓe ɓawon ba. Da na fito, Stipo ya dawo daga maƙabarta yana zaune a kan kututturensa a ƙofar maƙera. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya ce, "Ido gare shi, maƙwabciya. Ba za a sake irinsa ba."

Na ce, "Ido gare shi."